Kuɗin Ruwa da Farashin Memori: Abin da Mai Ƙaramin Jari Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya saba bi ta garejin Television, a kudancin garin Kaduna, ya san teburan nan na bakin hanya. Wayoyi jere a kan caji, filashi da katin memori rataye a cikin ledojinsu, ga matashi da kwamfuta yana tura wa matafiya fina-finai da waƙoƙi kafin mota ta cika. Mai saye ya taya katin giga 32, a faɗa masa kuɗi, ya ce ai kwanan baya ba haka ya saya ba. Mai tebur ya ce, "Oga, daga sama abin yake." Ya faɗi gaskiya, sai dai saman nan ya fi yadda yake zato nisa.

Mu fara da Abuja. Babban Bankin Najeriya yana da ma'aunin kuɗin ruwa da sauran bankuna ke dubawa kafin su yanka wa mai neman rance nasa. Lokacin da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin a 2023, ma'aunin yana kashi 18.75 cikin ɗari. A watan Fabrairun 2024 aka ɗaga shi zuwa 22.75, aka yi ta ƙari har ya kai 27.5 a watan Nuwamba. Dalili shi ne hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar, bayan cire tallafin man fetur da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa. Hikimar ita ce idan rance ya yi tsada, kuɗin da ke yawo a hannun jama'a zai ragu, farashi ya lafa. Sai a Satumbar 2025 aka rage zuwa kashi 27, ragi na farko tun 2020.

Mai babban jari ba ya kallon waɗannan alƙaluma yadda mu muke kallonsu. Tambayarsa ɗaya ce: ina kuɗina za su fi haihuwa ba tare da na rasa barci ba? A 2024 takardun bashin gwamnati na shekara guda sun biya sama da kashi 20. Mutumin da zai samu wannan yana kishingiɗe a falonsa, me zai kai shi fama da janareta da ma'aikata da haraji? Shi ya sa duk lokacin da aka ta da zancen farfaɗo da masaƙun Kakuri, nakan so a fara gaya mana wanda zai ci bashi a kusan kashi 30 ya sayi injin saƙa, kuma yadi nawa zai sayar kafin ya biya ruwan kawai.

Amurka ma tana da hannu a ciki. Babban bankinta ya riƙe kuɗin ruwa tsakanin kashi 5.25 da 5.5 daga Yulin 2023 har Satumbar 2024. Idan dala tana biyan haka a gidanta, masu jarin duniya sukan kwashe kuɗinsu daga ƙasashe irin namu su mayar can, sai in an kwaɗaita musu riba mai tsoka. Dalar da ake canzarwa kusan naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Babu katin memori ko ɗaya da ake ƙerawa a nan. Da dala ake saro shi.

Amma abin da ya fi ba da mamaki yana can wajen masu ƙerawa. Kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da wannan sana'a a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, Micron da SanDisk na Amurka, Kioxia na Japan. Manyan faya-fayan ajiya na kwamfuta kuwa Seagate da Western Digital da Toshiba ne kawai suka rage. Gina masana'anta guda yakan ci biliyoyin daloli da shekaru, don haka ba sa iya ƙara kaya nan take idan buƙata ta taso, kuma idan kayan suka fito sukan fito da yawa lokaci guda. Kasuwar tamkar ta tumatir take, yau kwando ya gagari mai kuɗi, gobe ana roƙon a saya. A farkon 2023 kaya suka yi kwantai har ribar Samsung ta faɗi da fiye da kashi 90, kamfanin ya rage aiki. Kafin ƙarshen 2025 labari ya juya. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna gina manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, suna saye memori tun kafin a ƙera, suna biya ba ciniki. Farashi ya tashi, hannun jarin Micron da Seagate da Western Digital ya ninka fiye da sau biyu a shekarar. A Disambar 2025 Micron ya sanar zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu sunan Crucial, don ya fuskanci manyan masu saye. Wato mai tebur a Television yana layi ɗaya da Google da Microsoft, kuma shi ne a ƙarshen layin.

Najeriya ba ta zauna a gefe ba. Kamfanin Equinix na Amurka ya sayi MainOne, mai cibiyoyin bayanai a nan, a kan dala miliyan 320 a 2022, MTN ya buɗe babbar cibiyar bayanai a Legas a 2025, Galaxy Backbone na gwamnati yana da tasa a Abuja da Kano. Irin wannan gini da bashi ake yinsa, kuma wutar lantarki yake sha dare da rana. Saukar kuɗin ruwa da tsayuwar wuta su ne za su nuna ko Arewa za ta samu rabo mai kauri ko kuwa Legas za ta cinye.

To, me ya rage wa mai ƙaramin jari? Ɗan kasuwar da ya ga farashin memori yana hawa, zuciya za ta raya masa ya ci bashi ya cika shago ya ɓoye. A ganina wannan ganganci ne. Kuɗin ruwa ba ya jiran ciniki, kuma kayan fasaha ba hatsi ba ne. Wayar da ake rububinta a bana, baɗi wata ta danne ta. A sari abin da za a iya juyawa cikin 'yan makonni. Mai saye kuma ya gwada kati kafin ya bar tebur, domin tsada kan jawo jabu: kati ya nuna giga 64, a zuba hotunan biki, a wayi gari rabinsu ba sa buɗuwa.

Mai ɗan abin ajiya kuma yana da ƙofofin da doka ta amince da su. Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa yana fitar da takardun tanadi duk wata tun 2017, ana shiga da naira 5,000. Wanda addininsa ya hana shi kuɗin ruwa yana da sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ga kuma bankuna irin su Jaiz. Ribar waɗannan ita ce ma'aunin da za a auna kowane alkawari da ita. CBEX ta yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda da sunan ƙirƙirarriyar basira ce ke juya su, ta rufe a Afrilun 2025 da dukiyar jama'a, kamar yadda MMM ta yi a 2016.

Don haka, ɗan'uwa, duk wanda ya zo maka da zancen zuba jari a fasaha, ko a coci ne ko a masallaci ko a WhatsApp, ka nemi shaidar rajistarsa da hukumar SEC mai kula da hannayen jari, ka duba sunan da kanka a shafin hukumar kafin ka tura ko sisi.