Rumman: Sinadarin da Ke Kare Ƙwayoyin Jiki da Yadda Manomi Zai Adana Shi

Gabatarwa

Rumman itace ne mai jure fari da zafin rana, don haka ya dace da wurare irin su Dala da sauran unguwannin Maiduguri, inda damina ba ta da tsawo. Wannan bayani zai nuna wa manomi da malamin gona abin da ke cikin rumman mai amfani ga jiki, da yadda kulawa a lambu ke ƙara shi ko ta rage shi.

Mece ce tsatsar ƙwayoyin jiki?

Ka lura da fartanyar da aka bari a waje cikin damina. Iska da danshi kan sa ta yi tsatsa. Irin wannan kan faru a cikin jikin ɗan Adam. Yayin da jiki ke ƙona abinci da iskar oksijin domin samun ƙarfi, wasu ɓurɓushin sinadarai masu ɓarna kan fito, su riƙa cin bangon ƙwayoyin halitta. Jiki yana da garkuwarsa, amma hayaƙin itace, taba da fesa maganin ƙwari ba tare da kariya ba kan ƙara yawan ɓurɓushin. Idan suka rinjayi garkuwar, ƙwayoyin jiki su kan shiga matsi, wanda masana ke dangantawa da ciwon zuciya da ciwon sukari.

Abin da ke cikin rumman

Rumman yana ɗauke da sinadarai da ake kira folifenol, masu kama waɗannan ɓurɓushi kafin su yi ɓarna. Manyansu biyu ne:

1. Antosayanin, wanda ke ba 'ya'yan jan launi. Danginsa ne ke rina zoɓo.
2. Funikalajin, wanda ya fi yawa a ɓawo da farin fatar ciki. Shi ne ke kawo baurin da kake ji a baki.

A 2000, wani bincike da aka yi tare da masanan Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ya nuna cewa ruwan rumman na kasuwa ya ninka koren shayi sau uku wajen wannan aiki a ɗakin gwaji. Ruwan da aka matse tare da ɓawo ya fi wanda aka matse daga 'ya'yan kaɗai ƙarfi.

Sai dai kwalbar gwaji daban, cikin mutum daban. Jiki ba ya ɗaukar funikalajin yadda yake. Sai ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin hanji sun sarrafa shi zuwa yurolitin, kuma ba kowa ne hanjinsa ke yin haka daidai da na wani ba. A 2013 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta hana wani kamfani tallata ruwan rumman a matsayin maganin ciwon zuciya da ciwon daji, saboda rashin isasshiyar hujja. Saboda haka, malamin gona, ka faɗa wa manoma cewa rumman abinci ne mai kyau, ba madadin asibiti ba.

Kulawa a lambu

1. Ka dasa reshe mai tsawon santimita 20 zuwa 30 daga itace mai jan 'ya'ya, da tazarar mita 4 zuwa 5. Yakan fara 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 3.
2. Ka riƙa ban ruwa a kai a kai. Idan ƙasa ta bushe sannan aka cika ta da ruwa, 'ya'yan kan fashe, ruɓa ta shiga.
3. Zafin Maiduguri kan wuce digiri 40 a watan Afirilu. Irin wannan zafi yana ƙona ɓawo, ya kuma rage jan launi. Kada ka aske ganyen da ke yi wa 'ya'yan inuwa.
4. Rumman ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi. Ka jira ya nuna a kan itacensa, ka yanke shi da almakashi.
5. Kada ka zubar da ɓawo. Ka wanke shi, ka shanya a inuwa mai iska, ka adana a mazubi mai murfi.
6. Ruwan da aka matse a sha shi nan take, domin zafi da haske suna lalata antosayanin.

Gargaɗi

Saiwar rumman da ɓawon itacensa suna ɗauke da sinadari mai guba, kada a jiƙa su a sha. Mai shan maganin hawan jini ko na hana daskarewar jini ya tuntuɓi likita kafin ya riƙa shan ruwan rumman kullum. Manomin da ke neman irin dashe mai kyau ya tuntuɓi malamin gona mafi kusa da shi.