Bireka Ta Faɗi: Me Take Faɗa wa Maigida?

A Safana, kamar sauran garuruwan yammacin Katsina, ba a buƙatar sanarwa idan an kawo wuta. Ihun yara ya isa. Kafin a ce kwabo kowa ya rarumi abin da ya daɗe yana jira. Uwargida ta jona firij, ta tsoma hita a bokiti, ɗalibi ya sa dutsen guga, wayoyin gida da na maƙwabta sun yi layi a kan soket ɗaya. Sai a ji ƙas! Gidan ya yi duhu, alhali ƙwan fitilar maƙwabci na ci. Maigida ya haska tocilar waya, ya je allon wuta ya ɗaga bireka. Ta sake faɗuwa. A karo na uku ransa ya ɓaci, ya aika a kira mai gyaran wuta, kuma umarnin da zai ba shi sananne ne: "Wannan abar ta cika faɗuwa, cire min ita ka haɗa kai tsaye."

Daga wannan umarni gobara da yawa ke samo asali, domin birekar ba ta lalace ba. Aikinta ta yi.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar gida a Nijeriya tana zuwa da ƙarfin bolt 230, kuma ana auna yawan wutar da ke bin waya da ampiya. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan ampiya 9. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan sama da 4, rishon lantarki mai wat 1,500 kuma kusan 6 da rabi. Idan aka tara ukun a wuri ɗaya an doshi ampiya 20, alhali filogi mai ƙafa uku da soket ɗinsa an ƙera su ne don ampiya 13. Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne zafin waya ba ya ƙaruwa daidai da wutar. Idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da take haifarwa ninkawa huɗu yake yi. Robar da ta rufe wayar sai ta yi laushi, ta ƙone, ta bushe ta tsage, sannan wata rana tagulla ta taɓa tagulla a cikin silin, inda akwai katako da ƙura da sheƙar ɓera. A lokacin hunturu, da iskar nan busasshiya, tartsatsi ɗaya ya wadatar. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ya san saurin da take yi idan ta samu kaya.

Wanda ya fasa ƙaramar bireka zai tarar da masu gadi biyu a ciki. Na farko wani siririn falle ne da aka yi da ƙarfe iri biyu manne da juna. Idan wuta ta yi yawa ya ɗau zafi, ɗaya ƙarfen ya fi ɗaya miƙewa, sai fallen ya lanƙwashe a hankali har ya saki kunamar. Shi ya sa bireka kan yi haƙuri na wasu daƙiƙoƙi ko mintoci kafin ta faɗi idan kaya ne suka yi yawa. Na biyun nannaɗaɗɗiyar waya ce da ke zama maganaɗisu. Idan wayoyi biyu suka haɗu, wuta ta yi tsalle zuwa ɗaruruwan ampiya, maganaɗisun zai fizge kunamar kafin ƙiftawar ido. Saboda haka yadda bireka ta faɗi ma labari ne. Wadda ta jima kafin ta faɗi tana cewa a rage kaya. Wadda ke faɗuwa da zarar an ɗaga ta tana cewa akwai inda wayoyi suka haɗu, kuma ci gaba da ɗaga ta ganganci ne. Wani Bajamushe, Hugo Stotz, shi ya samu rajistar ƙirƙiro irin wannan ƙaramar bireka a 1924, kuma tsarin nasa bai sauya sosai ba har yau.

Kafin ita akwai fis, wanda har yanzu yana nan cikin filogin da aka gada daga Ingila da kuma kat'awut ɗin da ke kusa da mita. Fis siririyar waya ce da aka yi ta da rauni da gangan, don ta narke kafin wayar bango ta narke. Sai dai a nan ne dabarar mutanenmu ke zama illa. Fis ya ƙone, shago ya yi nisa, sai a naɗa silin tagulla mai kauri ko takardar gwangwanin kwalin taba. Wuta ta dawo, kowa ya yaba wa mai dabara. Abin da aka yi kuwa shi ne an ɗauke raunin daga inda ido ke gani an mayar da shi cikin bango. Haka ma wanda ya cire bireka mai ampiya 20 ya sa mai 63 a kan waya mai kaurin milimita 2.5: wayar za ta gama ƙonewa birekar na nan tsaye.

Irin wannan ɗaurin har a taransifoma ana yin sa. Fis ya tsinke saboda unguwa ta yi wa taransifomar nauyi, wani mai ƙarfin hali ya ɗaura waya mai kauri, wuta ta dawo na 'yan makonni, daga nan taransifomar kanta ta ƙone. Garin neman gira an rasa ido. Unguwa ta shiga watanni na duhu da karo-karo, ban da ran da aka saka cikin haɗari, domin gefen taransifoma da ke karɓar wuta yana ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000.

A kan waɗannan manyan layuka, da kamfanin KEDCO ke rarraba wuta ta kansu a Kano da Katsina da Jigawa tun sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, aikin ya rabu biyu. Akwai rile, na'urar da ke sa ido tana auna wutar da ke wucewa, akwai kuma babbar bireka da ke yankewa idan rile ya ba ta umarni. Ana saita su ne hawa-hawa: wanda ya fi kusa da matsala shi zai fara yankewa, na bayansa ya ɗan jira, don kada reshen bishiya da ya faɗo wa layi a hanyar Runka ya jefa birnin Katsina cikin duhu. Wannan ne ma bayanin abin da ke ba mutane haushi a farkon damina, cewa da hadari ya taso sai wuta ta tafi. Sau da yawa iska ce ta haɗa wayoyi ko ta kayar da turke, rile ya gani ya yanke. Ba don haka ba, waya mai rai za ta kwanta a gona ko a kan hanyar da yara da dabbobi ke bi. Abin da ke tsawaita duhun a yankin Safana da Batsari shi ne nisan layukan, ga kuma matsalar tsaro a kewayen dajin Rugu, wadda ba ta barin ma'aikaci ya shiga ko'ina a kowane lokaci.

Kusan Arewa gaba ɗaya ta ɗanɗana irin wannan dogon duhu a watan Oktoba na 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace sanadiyyar ɓarna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir mai bolt 330,000 ya yanke, jihohi da dama suka kwashe fiye da mako guda babu wuta.

Masu injin niƙa na lantarki da masu famfon burtsatse suna da nasu rilen, ƙarami, a cikin akwatin tayar da motar injin. Idan wuta ta zo da rauni, ko layi ɗaya cikin uku ya ɗauke, motar kan ja wuta fiye da ƙima tana gurnani, kuma wannan rilen ne ke kashe ta. Mai injin da ya gaji da tsayawar aiki ya sa aka cire shi, ƙarshensa kai mota Katsina ko Kano ne a sake naɗa mata waya, da kuɗin da ya ninka na rilen sau da yawa.

Yanzu kuma sola ta shigo, musamman a shagunan caji, kemis da masallatai, kuma da yawa na ɗauka cewa wutar batir ba ta da haɗari tunda bolt 12 ko 24 ce. Gaskiya ba ta cika jan mutum ba, amma babban batir da wayoyinsa suka haɗu yana iya sakin ɗaruruwan ampiya ya mayar da waya ja kamar ta maƙera. Dole a sa fis ko bireka dab da batir, kuma ta zama irin wadda aka ƙera don wutar batir, domin ta wutar gida ba lallai ta iya kashe tartsatsin ba.

Akwai iyakar abin da bireka ke iyawa. Waya take karewa, amma wutar da ke kashe mutum ba ta kai ko ampiya ɗaya ba, don haka bireka mai ampiya 20 ba za ta ko motsa ba yayin da hita ke jan yarinya a banɗaki. Wannan aikin wata na'ura ce daban, mai gano yoyon wuta, wadda ke yankewa da zarar miliampiya 30 ta bi wata hanya, tare da wayar ƙasa da aka kafa da kyau. Tana da ɗan maɓallin gwaji a jikinta, kuma gidaje kaɗan ne ke da ita.

Mai gida ko shago a Safana, Batsari ko Dutsin-Ma da birekarsa ke yawan faɗuwa, ya fara cire hita da dutsen guga ya sake gwadawa. Idan ta ƙi tsayawa, ya bar ta a ƙasa, ya nemo ƙwararren mai gyara, wanda ke da shaidar hukumar NEMSA in da hali, ya gano inda wayoyin suka haɗu kafin a mayar da wuta.