Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa yawancin shahararrun hotunan Dutsen Kilimanjaro, masu nuna giwaye na kiwo a gabansa, ba a Tanzaniya inda dutsen yake ake ɗaukarsu ba? Daga gandun dajin Amboseli na ƙasar Kenya ake ɗauko su. Dutsen mai tsayin mita 5,895 ya fi kowane dutse tsawo a Afirka, don haka sai daga nesa ake ganinsa ɗungurungum. Masu ɗaukar hoto kan yi sammako, domin rana na ɗagawa gajimare ke lulluɓe ƙololuwarsa. Kyamara mai zuƙo nesa ce ke sa dutsen ya yi kamar yana dab da giwayen, alhali tazarar kilomita da dama ce tsakaninsu.