Ɗurin Bindiga Sai Da Ma'auni

A hutun da ya wuce na je Unguwar Shanu, cikin Kaduna, gai da wani tsohon almajirina wanda ya fita daga kwalejin horon malamai. Na tarar da hannunsa na dama a naɗe, yatsu biyu sun tafi. Ashe bindigar toka ya gada wurin mahaifinsa, ya fasa wani harsashin Turawa da ya tsinta, ya juye garin cikinsa a bututu. Da ya ja kunama sai bindiga ta tsage. Yanzu ga malami, amma riƙon alli ya gagare shi.

A Amurka da Ingila akwai maharba masu sake cika kwanson harsashi da kansu. Ba su yi da ka. Kowane ɗuri sai sun auna shi a sikeli, bisa ga littafin da masu yin garin suka buga. Mu nan Nijeriya, Dokar Bindigogi wadda ta fara aiki a 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi sai da izinin hukuma. Saboda haka abin da ya shafe mu shi ne ɗurin bindigar toka, irin ta mafarauta da 'yan bindigar sarakuna masu buga ta ranar hawan salla.

Abu na farko, albarushi iri biyu ne. Akwai baƙi mai hayaƙi, wanda aka yi bindigar toka dominsa. Akwai kuma maras hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙago a 1884, shi ne ke cikin harsashin zamani. Ƙarfinsa ya fi na baƙin nesa ba kusa ba, bututun da maƙeri ya yi kuwa ba ya iya ɗaukarsa. Ko kaɗan kada a zuba shi, kada a gauraya su.

Na biyu, a yi ɗuri da ma'auni guda wanda gwani ya nuna, ba da tafin hannu ba. Kada a tsiyaya daga gora kai tsaye, gama in ragowar wuta ta saura a ciki, gorar duka za ta tashi a hannu. A dakata tukuna bayan kowane harbi.

Na uku, a yi wa sandar ɗuri alama sa'ad da bindiga take wofi. Kullum kafin ɗuri a zura ta a gani, don ɗuri bisa ɗuri ya sha fasa bindiga. Kada a leƙa bakinta. In an ja kunama ba ta tashi ba, a ci gaba da nuna ta inda ba kowa, watakila wutar tana tafe.

Albarushi kuma a ajiye shi nesa da murhu da taba da yara. Wanda ya taɓa darma ya wanke hannu kafin ya ci abinci, gama guba ce.

Malaman makaranta da akawuna, ku jama'a ke tambaya. Wanda ya zo muku da wannan magana, ku tura shi ofishin 'yan sanda ya ji zancen lasin, sa'an nan ya zauna gaban tsohon maharbi ya koya. Rigakafi ya fi magani.