Damagaram: Yadda za a hana tsofaffin gidajen Birni rushewa

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da aka yi tun tsakiyar ƙarni na 19. Hotunan rushewarsa sun zagaya wayoyin jama'a a faɗin Nijar, kuma sun tayar da tambayar da aka daɗe ana yi: me zai hana sauran tsofaffin gine-ginen garin bin sahunsa?

Birni ce zuciyar masarautar Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye ta da ganuwa, garin kuma ya zama babban zango a hanyar fatauci tsakanin Kano da Tarabulus. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka a nan a ƙarshen 1852. Faransawa sun ci garin a 1899, daga baya suka mai da shi babban birnin ƙasar, har zuwa 1926 da suka koma Yamai. Tun 2006 Nijar ta shigar da Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO za ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas ta samu wannan matsayi a 2013, Damagaram kuwa tana jira.

Me ke kayar da ginin ƙasa?

Babban makashin ginin ƙasa shi ne ruwa. Magabata sun san haka, shi ya sa kafin kowace damina ake kiran magina su yi yaɓe, su toshe tsaga, su gyara indararo domin ruwan soro ya zubo nesa da bango. Ana kwaɓa ƙasar yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ta hana ruwa ratsa gini. Azarar giginya da ke ɗauke da rufi tana jure gara, amma idan soro ya daɗe yana yoyo, ƙasar da ke kanta takan jiƙe ta yi nauyi har ta rufta.

Wannan hidima ta shekara-shekara ita ce ke raguwa. Idan mai gida ya rasu, magada suka yi yawa, wasu a Yamai wasu a ƙetare, sau da yawa ba a samun wanda zai ɗauki nauyin gyara. Sai a kulle zaure, damina biyu ko uku gida ya zama kango. Akwai kuma masu shafe bangon ƙasa da siminti da nufin hutawa da yaɓe. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma idan ya tsage ruwa yakan shiga bayansa ya kasa fita, ya riƙa cin bangon ta ciki ba tare da an gani ba. Toshewar magudanan ruwa a lunguna ma na sa ruwa ya kwanta a gindin katanga ya zaizaye ta.

Gidan da ake shiga ba ya faɗuwa da wuri

Fadar Sarkin Damagaram misali ce a fili. Ta haura shekara ɗari da hamsin, amma tana tsaye domin har yau cikinta ake zaman fada, ake sasanta jama'a, ake hawan salla. Wurin da mutane ke shiga kullum, da zarar ya tsage za a gani a gyara. Saboda haka masana gine-gine ke cewa hanya mafi sauƙi ta ceton tsohon gini ita ce a samar masa sabon aiki.

An gwada hakan a Nijar. A Agadas, gidan da ake dangantawa da Kawsan, jagoran boren 1916 zuwa 1917, ya koma masaukin baƙi mai suna Hôtel de l'Aïr, dab da babban masallaci. A garin Dandaji na jahar Tawa, lokacin da jama'a suka buƙaci sabon masallaci, masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun ba da shawarar kada a rushe tsohon. An gyara shi tare da maginan gargajiya, ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallacin a gefensa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. An kammala aikin a 2018, kuma ya samu lambar yabo ta duniya. Kafin nan, masallacin Yama da Alhaji Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Gidajen Birni da na Zango, masu zane a fuska da zankwaye a saman soro, za su iya karɓar irin wannan aiki. Zauren da aka kulle zai iya zama makarantar allo, shagon dukawa ko masaƙa, ofishin ƙungiyar mata ko masaukin baƙi. Kuɗin haya kaɗan zai biya yaɓen shekara. Ɗakin ƙasa kuma ya fi na kwano sanyi a lokacin bazara, abin da ke rage kuɗin lantarki.

Aikin yana buƙatar hannu da yawa. Magada su naɗa mutum ɗaya da zai kula da gidan gado. Ma'aikatar magajin gari ta yashe magudanan ruwa kafin damina, ta kuma rubuta gidajen da ke cikin haɗari. Fada, wadda magina ke ƙarƙashinta tun asali, ta ƙarfafa wa matasa gwiwar koyon sana'ar, domin idan tsofaffin magina suka ƙare, ko da kuɗi a hannu ba za a samu mai gyara ba. Duk wanda ke da tsohon gida ya duba soronsa tun da rani, kada ya jira sai hadari ya haɗo.