Garin Zlin da Numfashin Mai Haɗa Takalmi

Duk wanda ya taɓa shiga shagon masu haɗa takalma ya san warin da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa: gam da sholisho, ga kuma ƙurar fata. Wannan wari ciwo ne yake tafe a hankali. A shekarun 1970 likitan Turkiyya Muzaffer Aksoy ya nuna yadda sinadarin benzin da ke cikin gam yake jawo kansar jini ga masu sana'ar takalma a Santambul, waɗanda suke wuni a ɗakunan da iska ba ta ratsawa. Ita kuwa ƙurar fata, an tabbatar tana haddasa kansar hanci. Saboda haka duk kamfanin takalmin da zai yi gini, maganar iska ya kamata ya fara yi kafin maganar ado.

Tun kafin wannan bincike, kamfanin Bata ya kama hanya. Sunan ba baƙo ba ne gare mu, don har yau akwai wurin da ake kira Bata a Kano. Tomas Bata da 'yan uwansa ne suka kafa shi a 1894 a garin Zlin, cikin Jamhuriyar Czech ta yau. Da harka ta bunƙasa, sai aka riƙa gina masana'antun bisa awo ɗaya, wato ginshiƙan kankare masu tazarar mita 6.15 a tsakaninsu. Hikimar ita ce, tunda ginshiƙai ne suka ɗauki nauyi, bango ya huta, sai aka buɗe shi da manyan tagogi. Hasken rana ya kai ga mai ɗinki, iska ta sami hanyar shiga da fita. Aka shuka itatuwa tsakanin gine-ginen, aka yi wa ma'aikata gidajen jan bulo, kowanne da ɗan lambunsa, sannan aka kafa asibiti a 1927.

Shaguna ma ba a bar su a baya ba. Babban shagon da aka gina a birnin Prague a ƙarshen shekarun 1920 kusan duk fuskarsa gilashi ce, kuma a wancan lokacin a manyan shagunan kamfanin har gyaran takalmi da kula da ƙafa ake yi wa mai saye.

Abin da ya fi burge ni shi ne gine-ginen sun ƙi mutuwa. Dogon benen ofis na Zlin da aka kammala a 1938, mai tsawon mita 77.5, yanzu ofishin hukumar yankin ne. Wasu tsofaffin masana'antun sun koma ɗakin karatu da gidan tarihi. Rushewar da ba a yi ba ta tanadi siminti da ƙarfe masu ɗimbin yawa.

Sai dai akwai abin da bai kamata a rufe ba. A wancan zamanin, gidan ma'aikaci da lambun duk na kamfani ne, kuma kamfanin bai lamunci ƙungiyar ƙwadago ba. Ma'aikacin da aka sallama, da aikin da gidan yake rasawa gaba ɗaya.