Kafin Ka Sauya Furosesar Kwamfutar Wasa

Daga Agege zuwa Ikeja tafiya ce 'yar kaɗan, balle tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara jigila a watan Oktoba na 2024. Shi ya sa duk matashin Zangon Agege da kwamfutarsa ta fara sarƙewa a tsakiyar wasa, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ya ruga kasuwar Computer Village, ya shiga layin Otigba, ya ce a ba shi furosesa mai ƙarfi. Mai shago ba zai hana shi ba, ciniki ne ya zo. Abin da ke damuna shi ne mutum ya zuba kuɗin guminsa, ya dawo gida ya tarar wasan yana nan yadda ya bar shi.

Bari mu fara da rabon aiki. Ka ɗauki shagon tela mai mutum biyu, ɗaya na yanka, ɗaya na ɗinki. Furosesa ce mai yanka: ita ke lissafin inda ƙwallo za ta faɗa, da motsin 'yan wasa 22 a fili, da abin da yatsanka ya danna. Sai ta miƙa wa katin hoto, wato mai ɗinki, shi kuma ya zana abin da ido zai gani. Don wasa ya tafi sumul, ana so su biyun su riƙa gama hoto 60 a kowace daƙiƙa. To idan mai ɗinki ne ke da nawa, ko masu yanka goma ka kawo, yadi ne kawai zai taru a kan tebur.

Gano mai nawar ba ya cin ko sisi. Ka sauke manhajar MSI Afterburner, kyauta ce, ka sa ta nuna maka alƙaluma a gefen allo kana cikin wasa. Idan katin hoto yana aiki kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, shi ne ya kai iyakarsa, sabuwar furosesa ba za ta ƙara maka abin a zo a gani ba. Idan kuwa katin yana hutawa a kashi 60 ko ƙasa, ga wasa yana tsalle-tsalle, to akwai alamar furosesa ce ba ta kawo masa aiki da wuri. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin furosesa kan nuna kashi 40 kacal alhali ita ce ta riƙe tafiyar. Dalili shi ne tana da ƙwaƙwale da dama a cikinta, wasanni da yawa kuma ɗaya ko biyu suke ɗora wa nauyi, sauran suna zaune. Saboda haka ka ƙara gwaji na biyu: rage girman hoto daga 1080 zuwa 720. Idan gudu ya ƙaru sosai, kati ne. Idan bai motsa ba, furosesa ce.

Irin wasan ma yana da nasa. Counter-Strike 2 da Valorant sun fi jingina da furosesa, Cyberpunk 2077 kuwa kati yake gajiyarwa.

Ko da gwaji ya nuna furosesa, kada ka yi gaggawa, ka buɗe akwatin tukuna. Zafin Legas da ƙura sukan toshe fanka, ita kuwa furosesa idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Share fanka da sauya man nan da ake shafawa tsakaninta da ƙarfen sanyaya kan dawo da ita hayyacinta. Haka nan sandar RAM guda ɗaya tana ƙuntata mata hanya. A sa biyu masu kama da juna, sai a ga bambanci. Idan kuma a wasan intanet ne kawai kake ganin jinkiri, matsalar ta layinka ce.

Sai babbar magana, wato soket, mazaunin furosesa a kan madabod. Kamfanin AMD ya fito da soket AM4 a 2016, ya kuma daɗe a kansa har zuwa jerin Ryzen 5000. Mai Ryzen 5 2600 a kan madabod B450 zai iya ɗora Ryzen 5 5600 bayan sabunta BIOS, ba tare da ya taɓa komai ba. A ganina wannan ne sauyin da ya fi biyan kuɗinsa. Amma kada a sabunta BIOS sai da UPS ko inbata, domin idan aka ɗauke wuta ana tsaka da aikin, madabod na iya mutuwa. Intel ta fi yawan sauya mazauni: LGA1200 na zubi na 10 da na 11 ne, LGA1700 kuma daga na 12 zuwa na 14. Wanda zai koma AM5, soket ɗin AMD da ya biyo bayan AM4, dole ya sayi madabod da RAM nau'in DDR5, kusan sabuwar kwamfuta ke nan.

Masu tsofaffin kwamfutocin ofis na tokunbo, irin su Dell OptiPlex mai Core i5 zubi na 4, su na fi jin tausayi. Iyakar abin da za su iya ɗorawa shi ne Core i7-4790, kayan 2014. Windows 11 ba ta amince da shi ba, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Gara su tara kuɗin. Mai laftof kuwa, furosesar yawancin na zamani a liƙe take da dalma, ba ta fita.

Idan ka auna ka tabbatar, ka tafi Ikeja da akwatin kwamfutarka. A ɗora furosesar a gabanka, ka duba ƙafafunta ko akwai wadda ta lanƙwashe, ka buɗe manhajar CPU-Z ka ga sunanta na gaskiya, ka kunna wasan da ya dame ka a nan cikin shagon. Sai ka ga bambancin da idonka sannan ka ƙirga kuɗi.